Juyen Baƙin Mai A Gida

Jawabin da kwamitin direbobi da makanikai ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata



Shugabannin ƙungiya ne suka umarce mu da mu zo mu yi bayani a kan juye, wato yadda mutum zai canza baƙin man motarsa da filta a ƙofar gidansa da hannunsa. Wataƙila wani ya ce, duk matsalolin da suka dame mu a nan Ikko, na kuɗin haya da na kasuwa da na makarantar yara, sai maganar baƙin mai? To, a ɗan duba zauren nan. Ga mai tasi, ga mai bas ɗin haya, ga mai ɗauko tumatir da albasa daga kasuwar Mil 12, ga mai kai nama daga mayankar Oko-Oba. Duk waɗannan da mota suke ci da iyalinsu. Ranar da injin ya buga, ranar tukunyar gidan take sauka. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, Naira ta faɗi, kayan mota suka yi tashin gwauron zabo, sayen wani injin tokunbo ya zama abin da sai mutum ya ci bashi ko ya aika gida a sayar da dabba.

Bari mu fara wanke kanmu wajen makanikai, don ga su nan zaune, wasunsu ma cikin kwamitin suke. Ba mun zo raba su da abincinsu ba ne. Ladan juye ai ba wani abin kirki ba ne, ba shi ne zai azurta su ba, ba kuma shi ne zai talauta mai mota ba. Amfanin yin juye da kanka ɗaya ne: ka ga abin da ya shiga injinka da idonka, ka kuma ga abin da ya fito daga cikinsa. Wanda ya miƙa wa yaro mukulli da kuɗi ya ce je ka a yi mini juye, shi kuma ya tafi shan shayi, to bai san ko wane mai aka zuba ba, bai san ko an canza filta ko an goge tsohuwar da tsumma an mayar ba. Ko da daga baya za ka ci gaba da kai wa bakanike, in ka taɓa yi da hannunka sau biyu, ka san abin da za ka tsaya ka duba.

A cikin injin, ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe. Ko mota na tsaye tana silo, karanshaf na juyawa wajen sau 700 zuwa 800 a minti ɗaya, a kan babbar hanya kuwa ya kai sau 2,000 zuwa 3,000. Abin da ya raba shi da metal ɗin da yake zaune a kai, wani ɗan siririn shimfiɗin mai ne wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Shi wannan man kuma shi ke kwashe zafi daga fistan, shi ke wanke dattin ƙonuwa ya kai wa filta. Akwai sinadarai da kamfani ke haɗawa a ciki don wannan aiki, kuma ƙarewa suke yi a hankali. In sun ƙare, man na nan a ido, amma aikinsa ya mutu.

Shi ya sa muke cewa a daina auna mai da launi. Sai ka ga direba ya zaro geji, ya murza man a yatsa biyu, ya ce ai da sauransa. Yatsa ba ta gane wannan. Mai mai kyau yakan yi baƙi da wuri don yana kwasar datti, na motar gas ma kwana ɗaya ya isa ya koma kamar tawada. Launi ba shi ne ma'auni ba, tafiya da lokaci su ne ma'auni.

To yaushe ake juye? In man gama-gari kake sawa, kada ka wuce kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. In man sintetik ne na gaske, wanda ya fi tsada, yana iya kai ka kilomita 8,000 zuwa 10,000, amma a irin tuƙin garin nan gara ka rage. Dalili kuwa gosulo. Ka tashi daga Agege za ka Oshodi, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, ka yi awa biyu a hanya. Mitar mota tana lissafin tafiyar taya ne, ba ta san injin ya yi awa biyu yana dahuwa ba. Littattafan kamfanonin mota da kansu sun sa irin wannan tuƙi cikin abin da suke kira wahalallen aiki, tare da tuƙi cikin ƙura da ɗaukar kaya mai nauyi, kuma mu duka ukun muna yi. Mai zuwa gida Arewa ya lissafa: Ikko zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne, zuwa da dawowa sau biyu kawai ya cinye kusan duk wa'adin man. In lokacin hunturu ne kuwa, a duba matacin iska, wato iyakilina, don ƙurar da ta wuce shi cikin mai take ƙarewa.

A lura da wani abu. Yawancin tokunbo da aka shigo da su daga Amurka, mitarsu mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. Kilomita 5,000 kuwa mil 3,100 ne da 'yan kai. Wanda ya jira mitar ta cika 5,000 a irin wannan mota, ya yi kilomita 8,000 bai sani ba. Wanda tasa mitar ta mutu, sai ya bi kalanda, mai motar haya da ke fita kullum kada ya wuce wata guda zuwa wata ɗaya da rabi.

Yanzu wane mai za a saya? Nan ne muke da gardama da dattawanmu direbobi, kuma muna neman afuwarsu tun kafin mu faɗa. Su sun taso ne da Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Volkswagen ƙirar kunkuru da ake haɗawa a nan Ikko. Waɗannan motoci mai kauri suke so, irin 20W-50, kuma sun yi gaskiya a zamaninsu. Sai abin ya zame mana al'ada, kowace mota aka kawo sai a ɗura mata 20W-50, a ce wai ƙasarmu da zafi. Alhali injin in ya ɗau zafinsa wajen digiri 90 yake aiki, a Sakkwato yake ko a Landan. Injinan zamani kuwa hanyoyin man da ke cikinsu ƙanana ne ƙwarai, kuma irin su Toyota masu rubutun VVT-i da ƙarfin man suke sarrafa lokacin buɗe bawul. In ka ba su mai kauri fiye da kima, da safe yakan daɗe bai hau sama ba, a 'yan daƙiƙun nan kuwa injin ya fi cin kansa.

Lambobin nan ba wani sirri ba ne. Ta farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu in injin na da sanyi, ta biyun tana nuna kaurinsa in ya yi zafi. Ƙaramar lamba, mai tsinkakke. Babba, mai kauri. Kafin ka saya, duba murfin da ake zuba mai, sau da yawa an rubuta a kansa. Corolla ta 2003 zuwa 2008 ƙirar Amurka, wadda ta cika garin nan, 5W-30 aka rubuta mata, kuma wajen lita 4 take sha. In babu a murfi, yana cikin littafin motar, in littafin ya ɓata yara su nemo maka a intanet. Tsohon injin da ya fara shan mai yana hayaƙi, shi ana iya ƙara masa kauri mataki ɗaya bisa shawarar bakanike. A jikin galan kuma akwai rubutun API da haruffa biyu: masu farawa da S na motar fetur ne, masu farawa da C na motar gas. A na fetur, SL ya fito a 2001, SN a 2010, SP a 2020, kuma na baya yana iya maye gurbin na gabansa.

Abin da ya fi kashe injina a wajenmu, a ganinmu, jabun mai ne. Akwai masu tara tsohon mai su tace shi, ko su sayo ɗanyen mai wanda ba a haɗa masa sinadari ko ɗaya ba, su ɗura a galan mai sunan babban kamfani su manne baki. Hukumar SON takan kama irin wannan lokaci-lokaci, amma ba ta iya tsayawa a kowane shago. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba ka san daga wace duro ya fito ba, a bar shi. Ka sayi galan rufaffe a gidan mai ko wajen dila sananne, ka duba hatimin murfin ko an taɓa shi, ka duba lambar da aka buga da ranar da aka yi shi. In farashin ya faɗi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, ai araha ba ta ado. Sannan ga roƙonmu: in ka gama juye, ka sa wuƙa ka tsaga galan ɗin kafin ka yar. Masu jabu da galan na gaske suke aiki, kuma daga hannunmu yake fita. Yaranmu masu sayen gwangwan ba asarar da za su yi, roba ce, a kilo ake sayenta ko a tsage take.

Filta ma haka. A waje duk gwangwani ne mai fenti, a ciki ne bambancin yake. Ta gaske tana da takarda mai ninki da yawa, da wata roba da ke hana mai sulalewa ƙasa in an kashe mota. Ta jabu takardarta kaɗan ce, in ka ɗaga za ka ji ba nauyi. Alamarta, ka tayar da mota da safe ka ji injin na kaf-kaf na ɗan lokaci, fitilar mai ta daɗe ba ta mutu ba. Kuma a canza filta a kowane juye. Masu cewa sai a juye na biyu, sun manta tsohuwar tana riƙe da dattin mai ya fi kofi guda, wanda zai gauraya da sabon nan take.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana mai zobe ko soket daidai da notin motarka, yawancin Toyota lamba 14, Honda lamba 17, abin kwance filta, mazurari, tsumma, sabuwar washa, da mazubin da zai ci aƙalla lita 6, tsohuwar jarka da aka yanke gefenta ma ta yi.

Kafin kowa ya shiga ƙarƙashin mota, a saurare mu da kyau, don nan maganar rai ce. Jak an yi shi ne don ɗaga mota, ba don riƙe ta a kan mutum ba. Bulo na siminti kuwa da muke gani ana jerawa, ba ya ba da sanarwa, farfashewa yake yi farat ɗaya. A nemi ƙafar ƙarfe irin wadda makanikai ke tokare mota da ita, ko guntun katako mai kauri wanda ba fasasshe ba. A yi aikin a wuri mai daidai kuma mai tauri, ba a kan ƙasar da ruwan damina ya jiƙa ba, kun dai san yadda ƙasar unguwar nan take nutsewa. A ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin baya, a tura sifiya taya a kwance ƙarƙashin gefen motar don ko ta kwana. Ka jijjiga motar da hannu kafin ka shiga. Bas da jif masu tsayi sau da yawa ma ba sa bukatar ɗagawa. A kori yara daga wurin, mukullin motar kuma ya zauna a aljihunka, kada wani ya zo ya tayar da injin babu mai a ciki.

Sai aikin kansa. Ka tayar da mota kamar minti biyar man ya yi ɗumi, don ya fi saurin fita da dattinsa. In daga tafiya ka dawo, jira rabin awa, man da ya yi zafi sosai yana saluɓe fata. Ka buɗe murfin sama, ka shiga ƙasa ka nemo notin da ke gindin tukunyar man, wadda makanikai ke kira botom filet. A nan sabon shiga yakan yi ɓatan kai, don akwatin giya ma yana da nasa notin a kusa. In ka kwance ka ga mai ja ko mai wani wari daban, to na giya ne, mayar da sauri. Wanda bai lura ba zai zubar da man giya, ya ƙara lita 4 a kan tsohon man injin, ya kashe abu biyu rana ɗaya. In kana fuskantar notin, hagu ake juyawa a kwance. Ka sassauta da sifana, ka ƙarasa da yatsu kana danna shi ciki, sannan ka zare da sauri. Ka bar shi ya tsiyaye minti goma zuwa sha biyar.

Kada ka tashi ka tafi hira, wannan ne lokacin da injin ke ba ka labarin lafiyarsa. Ka kai mazubin cikin rana ka duba. In man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwan lagireto na shiga ciki, yawanci gasket ɗin sama ne ya ƙone. In ka ga yana ƙyalli da garin ƙarfe, metal ya fara ci. In ya tsinke kamar ruwa yana warin fetur, fetur na zuba cikinsa. In yana fitowa gudaji-gudaji kamar kwalta, an daɗe ana wuce lokacin juye. Ko wanne ka gani cikin waɗannan, aikin gida ya ƙare, ka kai wa bakanike tun gyaran yana ƙarami. Kuma kada wani ya ba ka shawarar wanke injin da kananzir ko man gas ka tayar. Ba su da santsin da zai kare metal, kuma dattin da suka ɓamɓaro yakan je ya toshe rariyar famfon mai.

In ya gama tsiyaya, goge notin, ka sa sabuwar washa, ka fara ɗaurawa da yatsu har ya zauna, sannan ka ƙarasa da sifana da ƙarfin hannu ɗaya. Ba a taka sifana da ƙafa, ba a sa mata bututu. Tukunyar man motoci da yawa ta alminiyon ce, zarenta na cinyewa, daga nan ka shiga ɗigar da ba ta ƙarewa.

Ka matsar da mazubin ƙarƙashin filta ka kwance ta. Duba bakin tsohuwar: robar zoben tana jikinta? In babu, ta manne a jikin injin, ɓamɓaro ta. In ka ɗaura sabuwa a kan tsohuwar roba, roba biyu ba sa riƙewa, man zai fashe ya tsiyaye a kan hanya cikin 'yan mintoci. Ka shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar filta, ka murza da hannu har ta taɓa jikin injin, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya. Hannu kawai, ban da ƙarfe. Wasu motocin na baya-bayan nan ba gwangwani gare su ba, murfi ake kwancewa a canza takardar ciki. A irinsu a canza har da zoben robar da ke zuwa cikin kwalin.

Sai ka sauke motar ƙasa ka zuba mai da mazurari, ka rage kamar rabin lita daga abin da aka ce tana sha. Jira minti biyu, zaro geji, goge, mayar, sake zarowa. Ka rufe murfi ka tayar, ban da taka totur. Fitilar mai za ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. In ta kai daƙiƙa goma tana ci, kashe injin ka bincika. Ka leƙa ƙasa ko akwai ɗiga a noti ko a filta. Ka kashe, ka jira minti biyar, ka sake aunawa, ka cika har kusa da alamar sama. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin motoci wajen lita ɗaya ne. Kada a wuce alamar sama da sunan ƙauna, in mai ya yi yawa karanshaf na kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe, kuma yana fasa oyil sil. Ka rubuta kwanan wata da lambar mita a ɗan littafi ka ajiye a mota. Daren nan ka shimfiɗa kwali ƙarƙashin injin, da safe ka duba.

Saura tsohon man, kuma wannan ya shafi har wanda bai da ko keke. Don Allah kada a zuba shi a kwata ko a bayan gida ko a haƙa rami a binne. Gidajenmu a cushe suke, da yawanmu da rijiya da burtsatse muke sha, kuma ruwan ƙasa a garin nan kusa yake. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya tak yana iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Wanda aka zuba a kwata kuwa, ruwan sama na farko zai dawo mana da shi tsakar gida inda yara ke wasa. Muna kuma jan hankalin 'yan'uwanmu na kara da masu kiwon raguna: a daina shafa wa dabba baƙin mai don ƙazuwa ko kirci. Akwai guba da garin ƙarfe a cikinsa, dabbar tana lasa, mu kuma mu ci naman. Likitan dabbobi yana da maganin wannan. Kai ma da ka yi aikin, wanke hannunka da sabulu, ba da fetur ba, don yawan zaman tsohon mai a fata yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji na fata.

A ɗura shi a jarka mai murfi, a kife tsohuwar filta ta tsiyaye a ciki, a kai wa makanikai, su suna da masu zuwa saye. Kwamiti na roƙon mai girma Sarki da shugabanni su amince a ajiye duro ɗaya a bakin garejin unguwa don tara shi, abin da aka sayar ya shiga asusun ƙungiya. Makanikanmu kuma sun yarda, duk wanda zai yi juyensa na farko ya yi musu magana, za su turo yaro ya tsaya a kansa ya nuna masa notin da filtar motarsa. Mai tambaya ya ɗaga hannu, shugaban taro zai ba shi dama.